Kwafi Biyar na Sirrin Alhaji Tanimu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa gare ka Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Suleja lafiya, kai da kayanka, ba abin da ya fashe, ba abin da ya ɓata. Allah Ya saukar da kai a hannun mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta. Mahaifiyarka na ba takardar, na ce ta cusa maka can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don na san sai ka kwana biyu kafin hannunka ya kai wurin. Da gangan na yi haka. Ba na so ka karanta ta muna gari ɗaya.

Labarin gida ba ni da wanda zan ba ka, kai ka baro mu. Shekara talatin da ɗoriya ina zaune a shagon nan na kan hanyar kotu ina rubuta wa mutanen Daura takardunsu, ta gado, ta cinikin gona, ta neman sulhu, amma ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta wa ɗan cikina layi ɗaya ba sai yau. Dalili kuwa, akwai laifin da gari ya ɗora maka, ka ɗauke shi damina biyu ba ka ce uffan ba, alhali nawa ne. Ba na so ka buɗe sabon shago da shi rataye a wuyanka. Zan faɗa maka yadda aka yi tun daga tushe, ko da ka san rabi, don ka ji shi daga wurina.

Ka tuna ranar da ka kawo 'yar na'urar nan da kuke ce wa rauta? Fara ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Kafin zuwanta, firintarmu da kwamfuta a ɗaure suke da kebul ɗaya wanda bai wuce kamu uku ba, saboda haka duk mai takarda dole ya zauna a cikin shago ya faɗi abin da ya kawo shi, ga 'yan majalisa a ƙarƙashin darbejiya, ƙofa a buɗe. Mace ta zo da maganar rabuwa da miji, ta yi ƙasa da murya, sai ka ji keken Ɗanjuma tela na shagon kusa da mu ya tsaya cak. Kai ka lura da wannan, ni da na tsufa a wurin ban lura ba. Ka zare kebul ɗin daga kwamfuta ka soka shi a jikin rautar, ka jona ta da batirin ajiye cajin nan, fawa banki, ka ce daga yau in ɗauki kwamfuta in shiga zaure da mai magana, in rufe ƙofa, in na gama rubutu in danna, takarda za ta fito a shago ba tare da wata igiya ba. Ka gwada a gabana. Muna zaure muka ji firinta ta yi gurnani a bayan bango, muka zagaya, ga takarda da ɗuminta. Wallahi abin ya burge ni har cikin raina. Amma me na ce maka? Na ce to, na ci gaba da jan carbina.

Ka tsaya kana yi mini bayani, ni kuwa idona yana titi. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, ko sunanka ban taɓa iya kamawa ba, balle in zauna a gaban mutane kana koya mini ina gyaɗa kai. Haka muka taso muka tarar, kunya ake ce mata. Sai dai in zan faɗi gaskiya, tawa rabinta girman kai ne. Ni da na fara da tafireta tun ba a haife ka ba, ni da a shekarun da aka dawo da shari'a layin masu takarduna yake kaiwa bakin titi, yau yaro ne zai koya mini buga takarda? Abu uku ka faɗa mini. Na kama ɗaya da rabi, na sallame ka da na ji, na ji.

To Abba, can inda ka je za ka gamu da wanda ya fi ka sanin wani abu kuma bai kai ka shekaru ba. Ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, ya maimaita. Ban taɓa jin an binne mutum don ya ce a sake faɗa masa magana ba. In kuma Allah Ya ba ka ɗa ya yi abin kirki, ka buɗe baki ka faɗa masa, kada ka bar shi yana laluben fuskarka yadda na bar ka.

Cikin ukun nan wanda na ji sarai shi ne na kalmar sirrin shiga rautar, kuma shi ma na taka shi. Ka rubuta mini ita a bayan kalanda, ka ce kada in ba kowa. Ba a yi mako ba na raba ta kamar goron suna. Malamin makarantar bayanmu ya roƙa don ya riƙa turo tambayoyin jarrabawa daga wayarsa, na ba shi. Ƙanensa ya roƙa, na ba shi. A tarbiyyarmu maƙwabci ba ya roƙon wuta ko ruwa a hana shi, sai nake ganin in na hana mutum 'yan baƙaƙe takwas na zama marowaci. Kafin wata ya zagayo samarin unguwa suna tsayawa daga tsallaken titi suna turo hotunan 'yan ƙwallo da katin biki, firinta tana ta tofarwa ba kowa kusa da ita, tawada tana ƙarewa. Aka fara cewa ai shagon Malam Ilu takarda a iska take yawo, har ni ma ina dariya. Ka zo ka canza kalmar, ba ka ɗaga mini murya ba, ka ce kawai, "Baba, ƙofa ce fa, ba famfo ba." Na ji zafin maganar don gaskiya ce, na yini ban kula ka ba.

Na ga ka ɗauki rautar daga aljihun tebur ka sa cikin kayanka. Ka haɗa ta a can, ba ta da laifin komai. Amma kalmarta ka riƙe ta kai kaɗai, in ta fita ka canza a ranar, ko wa zai ji haushi. Sana'ar nan tamu ba buga takarda ba ce, riƙon maganar mutane ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maƙwabcin da ka hana zai yi fushi ya huce. Wanda ka tona wa asiri ba zai huce ba.

Yanzu na zo kan maganar Alhaji Tanimu mai hatsi, mahaifin Hajara, wadda a lokacin har mun kai maka goron tambayarta an karɓa. Ranar kana Baure kana haɗa wa wata makaranta kwamfutoci. Ya zo bayan la'asar, ya ce mu shiga zaure. Da na rufe ƙofa sai ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya ce babbar gonar nan da yake nomawa a hanyar Dutsi ba tasa ba ce, ta wansa ce marigayi. Da wan ya rasu 'ya'yansa ƙanana ne, sai ya riƙe ta, ya ce wa kowa ya saye ta tun mai ita yana da rai. Yaran sun girma ba su sani ba, nasa 'ya'yan ma ba su sani ba. Ya ce duk wa'azin da aka yi kan cin dukiyar maraya ji yake da shi ake, abinci ya daina yi masa daɗi. Yana so in rubuta cewa gonar tasu ce, ya miƙa musu a ɓoye da shaidu biyu, a gama ba wanda ya ji. Yana faɗa hawaye yana bin furfurar gemunsa. Mutum ne ya zo tuba, Abba, sutura kawai yake nema.

Na rubuta, na karanta masa, ya ce haka ne. Na danna. Shiru. Na sake dannawa, shiru. Kwamfuta tana nuna mini tana haɗe da rauta, to me ya hana? Na danna na uku, na huɗu, na biyar, ina jin kunyar Alhaji yana kallona. Sai sannan na tashi na zagaya shago, na tarar ashe wuta aka ɗauke. Kwamfuta tana kan batirinta, rauta tana kan fawa banki, su ba abin da ya same su, firinta ce kaɗai ta mutu. Na ce a raina abin da aka aika wa matacce ai ya tafi ke nan. Na ɗauko farar takarda na rubuta wa Alhaji da hannu kamar yadda muke yi a da, ya sa hannu, ya ninke ya sa a aljihu, ya yi mini addu'a ya tafi. Na rufe murfin kwamfuta na tafi masallaci.

Abu na uku da ka faɗa mini ranar da nake kallon titi shi ne wannan. Ka ce in na danna ba ta fito ba kada in sake dannawa, don ba ɓacewa take yi ba, layi take shiga tana jira, in buɗe layin in goge ta kafin in rufe. Da kunnena na ji sautin maganar, amma ba ta shiga ba.

Washegari da hantsi na buɗe shago, an kawo wuta. Na kunna firinta, na zuba mata takardu, na shiga zaure na ɗaga murfin kwamfuta, sai mahaifiyarka ta aiko in zo in sha kunu. Kafin in shanye kofi ɗaya an gama da ni. Firinta ta tofo kwafi biyar, ɗaya bayan ɗaya. Ka san mariƙin takardar da ke gabanta a karye yake, na sha cewa zan gyara, sai suka zube ƙasa iska ta tura su bakin ƙofa. Ɗanjuma ya taso ya tsince, don Allah ya yi, kada a taka. Idonsa ya sauka kan sunan Alhaji. Da na fito na tarar da majalisa tsit, aka miƙo mini guda huɗu ba wanda ya dube ni. Ta biyar ban sake ganinta ba har yau, amma kafin azahar hotonta yana cikin wayoyin rabin gari.

Kai ka fi ni sanin waɗannan abubuwa, amma ka bar ni in mayar maka da su, don ni da tsada na saye su. Kada ka danna sau biyu. Kada ka rufe kwamfuta sai ka leƙa layin ka ga ba abin da ke jira. Ka juya bakin firinta ya dubi kujerarka, ba ƙofa ba. Takardar da mai ita ya rage murya kafin ya faɗa, kada ka tura ta daga wani ɗaki, ka je ka tsaya a kanta har ta fito, ka ƙirga da hannunka. Abin da ya karye kuma ka gyara shi ranar da ya karye.

Duk wannan kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da ban rubuta maka takardar nan ba. Bayan azahar Alhaji ya zo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya a ƙofar shago, majalisa cike, ya ce, "Malam Ilu, ni da kai kaɗai ne a zauren nan. Ta ina ta fita?"

Na dubi mutanen da suka shekara talatin suna kirana mai amana, na ga shagona yana rufewa a idona. Sai bakina ya ce, "Alhaji, abin yaron nan ne. Na sha gaya masa na'urarsa watsa takardu take yi a iska."

Ban taɓa gaya maka haka ba, ko sau ɗaya. Amma wa zai musa? Sun ga takardu suna fitowa ba kowa a wurin, kuma maganar iska da ma tana bakinsu tun lokacin da na raba kalmar sirri. Magana zarar bunu, kafin la'asar an ƙara mata gishiri. Wasu suka ce duk abin da ya bi ta na'urar kana karantawa a wayarka. Wasu suka ce daga Baure ka turo. Wanda ya fi ci mini rai, aka ce dukiyar surukinka kake leƙe tun ba a ɗaura ba. Ina zaune ina ji, ban ce a'a ba.

Ka dawo gab da magariba, ka riga ka ji a hanya. Ka shiga zaure ka buɗe kwamfuta, ka ɗan duba, ina tsaye a bayanka. Na san ka ga sau nawa aka danna da lokacin da aka danna, ka kuma san lokacin kana Baure. Na jira ka juyo. Ka rufe ta a hankali, ka tambaye ni ko akwai aiken da zan yi maka. Na ce babu. Abba, da ka zage ni a ranar da na fi samun sauƙi.

Sauran ka sani. 'Ya'yan Alhaji suka tashi wa 'ya'yan wansa, maganar da za ta ƙare a zaure ta kai gaban alƙali, zumunci ya yage. Alhaji ya canza masallaci. Aka dawo mana da goro ba ko saƙon baki. Masu kawo maka gyaran waya suka ɗauke ƙafa. Ni kuwa, don in wanke kaina, na cire rautar a gaban majalisa na jefa aljihun tebur, na mayar da kebul, aka ce Malam Ilu ya yi daidai. Masu takardu suka ci gaba da zuwa wurina. Tuwon da muka ci a gidan nan damina biyu, da mutuncinka aka tuƙa shi.

Babu wata Juma'a da ta wuce ba tare da na yi niyyar faɗin gaskiya ba. In ce bari hankali ya kwanta, in ce bari a gama shari'ar, in ce bari salla ta wuce. Sallar ta wuce, bayanta aka ɗaura auren Hajara aka kai ta Dutsi. Ranar ka yini a ɗaki ka ce kanka ke ciwo, ni kuma na yini a shago ina juya takardar da ba ni da abin rubutawa a kanta. Ina jin mahaifiyarka tana sallama a ƙofarka da abinci tana komawa da shi.

Wannan ita ce babbar nasihata, kuma ba ni da fuskar yin ta, amma dole in yi. Za ka yi kuskure a aikinka, ba makawa, wanda bai yi ba bai taɓa aiki ba. Ka faɗe shi a ranar, da bakinka, tun yana kuskure. In ya kwana ya zama ƙarya, in ya yi mako sai ka ga kana yi masa ban ruwa. Kunyar yini ɗaya na guda. Da na ce Alhaji ni ne, na danna sau biyar ban goge ba, da ya yi fushi da ni, da wataƙila shago ya yi sanyi, amma da yanzu kana gidan nan da iyalinka. Kuma duk tsananin da ka shiga, kada ka tura laifi kan wanda ka san ba zai iya musa maka ba. Ni kai na zaɓa don na san ba za ka ƙaryata ubanka a gaban mutane ba. Wannan shi ne abin da na fi jin tsoron a tambaye ni ranar gobe.

Da na ji daga bakin mahaifiyarka cewa za ka bar gari, don ni ba ka faɗa mini ba, kuma ban ga laifinka ba, sai na wanke ƙafa na tafi gidan Alhaji. Shekaranjiya ne, da hantsi. Ya rame ƙwarai. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, na faɗa masa komai yadda na faɗa maka, ban rage ba.

Sannan ya ce, "Malam Ilu, to wa zan gaskata? Washegarin ranar yaron nan ya zo, ya durƙusa nan inda kake zaune. Ya ce shi ya yi kuskure wajen haɗa na'urar, kai ba ka san komai ba. Ya roƙe ni duk abin da zan yi in yi masa, kada in taɓa sunan ubansa."

Ban sani ba, Abba. Wallahi ban sani ba. Ina zaton shiru kawai ka yi. Na rantse wa Alhaji, na ce a kawo Alƙur'ani, ya ce ba sai an kawo ba, ya gani a fuskata. Ya rako ni har bakin ƙofa, abin da ya faɗa a nan shi ne ya ƙarasa ni. Ya ce, "Da na san haka da ban mayar da goron ba. Irin wannan ake ba 'ya."

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na wuce ka a tsakar gida kana ɗaure kwali, ka ce sannu da zuwa Baba, na amsa ban tsaya ba, don in na tsaya ban san abin da zai fito ba.

Ranar da motarka za ta tashi zan zauna a ƙarƙashin darbejiya in faɗa wa majalisa, Alhaji ya ce zai zo ya zauna. Kafin ka kai ga takardar nan an riga an yi. Ka ga ko a wannan ma sai da na jira ka ba da baya, halin ubanka ke nan. Mai son ɗauke takardarsa daga shagona ya ɗauke. Sunanka zan iya wankewa, duk ranar da ka ga dama ka shigo Daura da kanka a sama. Hajara kuwa ba zan iya dawo maka da ita ba, kuma na san wannan.

A garin nan ban taɓa jin uba ya roƙi ɗansa gafara ba. To ni ina roƙo. Ka yafe mini, don Allah. Ba sai ka amsa yanzu ba, ba kuma sai ka amsa don ni na haife ka ba, wannan ka riga ka biya shi har ya yi yawa. In zuciyarka ta sauko ka faɗa wa mahaifiyarka, za ta gaya mini. In ba ta sauko ba zan ci gaba da jira, ni na jawo.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da abin faɗa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare fitarka da shigarka, Ya sa wa hannunka albarka. Allah Ya musanya maka abin da na raba ka da shi da mafi alheri. Allah Ya ba ka ɗa kamarka, kada Ya ba ɗan nan uba kamata. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Iliyasu